Dala Biyar a Kan Allura

Tun da na dawo daga Jos ban sha shayi cikin kwanciyar hankali ba a majalisarmu ta ƙofar gidan Alhaji Mamman. Da na ɗaga kofi sai wani ya ce, "To Malam Isuhu, ya sanyin?" Wani ya ce wai da gaske ne dankalin turawa ake karyawa da shi? Habu kuwa, wanda tun muna lakkwal, wato makaranta, ba ya barin mutum ya huta, cewa yake ban je Jos ba, Kano na tsaya na sayo hular sanyi. Na gaji da amsa guntu-guntu. Ga labarin nan gaba ɗaya, wanda ya sake tambayata takarda zan miƙa masa.

Dalilin tafiyar wasunku sun sani, wasu ba su sani ba. Maiɗakina Hajiya Balki haihuwar Jos ce. Kakanta ya bar Damagaram zamanin haƙar kuza ya zauna can, ni kuma na je na ɗauko ta na dawo da ita nan shekara arba'in da biyu da suka wuce. A cikin kayanta akwai wani ƙaramin faifan garmaho. Wata zabiya ce ta unguwarsu ta yi waƙar biki aka ɗauka, Balki tana 'yar shekara goma sha huɗu, tana cikin 'yan amshi uku. Wajen tsakiyar waƙar akwai inda ta yi gaggawa ta shigo kafin sauran biyun, muryarta ta fito ita kaɗai na ɗan lokaci, kamar ka ƙirga ɗaya, biyu, uku. Ta ce ranar har ranƙwashi ta sha a hannun zabiyar, amma ba a sake ɗauka ba.

Shekara shida ke nan da aka yi wa Balki aiki a maƙogwaro. Allah ya ba ta lafiya, amma murya ba ta dawo ba. Raɗa take yi, sai ka kawo kunne kusa, matar da a da in ta kira yaro daga tsakar gida har maƙwabta ke amsawa. Tun daga nan na kakkaɓe tsohon garmahona. Duk Juma'a bayan la'asar sai in sa faifan, tana zaune tana tsince shinkafa ko wani abu, in an wuce wurin nan in ɗaga hannun garmahon in mayar da shi baya, sau uku, sau huɗu. Da allura ta fara tsalle na yi abin da kowa ke yi a zamaninmu, na liƙa dala biyu, kuɗin ƙarfe na ƙasarmu, da ƙaro a kan hannun, daidai saman allura. Da ta sake tsalle na canza da dala biyar. Tsalle ya tsaya. Amma bana sai na lura shuuu ɗin yana ƙaruwa, muryar tana yin nisa, musamman a wurin nan. Na ji tsoro ƙwarai. Ban san da wani faifai irinsa ba a duniya, in ya tafi to muryar Balki ta tafi ke nan.

Na zaga masu gyara a garin nan, duk na salula ne. Wani ya jujjuya garmahon yana neman inda ake sa masa caji. Sai ƙanin Balki, Sale, wanda ke ɗinki a Dilimi, ya ce mini a waya har yanzu akwai masu faya-fayai a Jos, akwai ma shagon da ke kawo sabon hannu da sabon kan allura, ƙirar da. Na ce to ai shi ke nan, hannu ne ya tsufa, zan je in zaɓo mai kyau.

Balki ce ta ɗaure kayan. Faifan ta sa shi tsakanin murfin samira biyu ta naɗe da zane, garmahon kuma a kwali da tsummoki. Na fito bayan asuba, muka bi ta Matamaye muka isa iyaka da hantsi. A can wani jami'i saurayi ya ce in buɗe kwali. Ya duba, ya sake dubawa, ya ce, "Baba, injin mene ne wannan?" Kafin in amsa babbansu ya leƙo, wani mai furfura a gemu, ya yi tsaye yana murmushi. Ya ce mahaifinsa na da irinsa. Ya nuna dala biyar ɗin da yatsa ya ce, "Har da kuɗin a kai. Mu kwabo muke sawa." Ya taya ni rufe kwalin da hannunsa. Na shiga mota ina jin kaina, na ce ashe dabarar tawa har ƙetare an san ta.

Na kwana a Kano wajen wani tsohon ɗalibina, da safe na nufi tasha. Direban Jos ya ce a sa kwalin a but, ƙarƙashin buhunan albasa. Na ce ba za a sa ba. Ya ce to sai dai in biya masa kujera. Na biya, garmaho ya zauna a gefena kamar fasinja. Wata 'yar kasuwa da ke kusa da ni, mai kai tattasai, ta dube ni ta ce, "Baba, ko jariri ba a riƙe shi haka." Na ba ta labarin a taƙaice don ta bar ni. Ba ta ƙara tsokanata ba. Da muka wuce Tudun Wada rana ta juyo ɓangarena, kuma zafi na lanƙwasa faifai, sai ta miƙo hannu ta karɓi ƙunshin faifan ta ɗora a cinyarta ta rufe da mayafi. Haka ta riƙe shi har muka fita dajin Falgore. A Saminaka ta saya mini gasasshiyar masara ta hana ni biya. Ban tambayi sunanta ba, kuma abin yana damuna har yau.

Daga Jengre hanya ta fara hawa, kunnuwana suka toshe, iska ta canza. Ni da na fito da 'yar shara da babbar riga ɗaya, kafin mu shiga gari haƙorana sun fara haɗuwa. Sale ya tarye ni a tasha yana dariya, ya ce, "Yaya, ai yanzu zafi ake yi." Ƙanin mata dai ba a raba shi da iya shege. Ya kai ni gidansu a Dilimi, tsohon gidan da na ɗauko Balki, ya ba ni ɗakin zaure da bargo biyu. Ruwan alwala ma sai an ɗumama. Abincin farko gwate ne, tsakin masara da yakuwa da ganye iri-iri, ana sha da zafinsa. Na yi masa kallon raini, na ce kunu ne ko tuwo? Kwano biyu na sha.

Abu ɗaya da ban saba da shi ba shi ne gaisuwarsu. Mu nan sai ka tambayi gida da iyali da gajiya da kwana biyu da dabbobi kafin ka faɗi abin da ya kawo ka. Can "Sannu oga, ya ne?" an gama. Da farko na ɗauka wulaƙanci ne. Daga baya na gane sanyi ne, ba mai son tsayawa a hanya.

Bayan magariba na buɗe kwalin don in nuna wa Sale. Ya kalli dala biyar ɗin nan, ya buɗe baki, ya rufe. Sannan ya ce, "Yaya Balki ta ga wannan?" Na ce kullum tana gani. Ya ce, "To." Ya sosa ƙeya ya shiga zancen tsadar yadi.

Washegari ya kai ni Nasarawa Gwom, shagon wani da ake kira Oga Sande. Rabin shagon lasifikoki ne na masu biki, amma can ciki akwai wata 'yar durowa ta gilashi. Ga hannaye a jere, wasu miƙaƙƙu, wasu masu lanƙwasa, ga kawunan allura a 'yan akwatuna kamar zobba. Duk sababbi ne, an dai ƙera su yadda ake yi a da. Idona ya faɗa kan wani dogon hannu mai ruwan zinare, mai nauyi, da wani kan allura mai jan baki wanda ya fi sauran tsada. Na ce su nake so. A ganina abin da za a saya don Balki ba a neman mai araha.

Oga Sande ya ce, "Baba, wane irin faifai za ka sa?" Na ce tsoho ne, kuma ya fara shuuu. Ya ce, "Guda nawa kake da shi?" Na ce ɗaya. Ya mayar da akwatin cikin durowa ya rufe. Ya ce, "Ba zan sayar maka yau ba. Ka je Kabong wajen Baba Gyang, ya duba, ya rubuta maka abin da za ka saya. In na ba ka wannan ya ɓata abinka, kuɗin ba zai yi mini daɗi ba." Raina ya ɓaci. Shekara talatin da uku ina koyarwa, ni nake tura mutane su je su sake shiri, ba a tura ni. Na fito ina gunaguni, Sale yana bina yana ƙunshe dariya.

Baba Gyang dattijo ne ɗan Birom, ya haura tamanin, gidansa na bayan wata coci, an kewaye shi da shingen ƙerana. Da yana aikin lantarki a kamfanin kuza, shi ke gyara wa Turawa akwatunan kiɗansu. Mun same shi a rana da rigar sanyi da hula. Matarsa, Mama Kaneng, ta kawo mana kujeru da kunun acca. Ya ɗora garmahon a tebur, bai jona wuta ba, bai taɓa faifan ba. Ya daɗe yana kallon hannun.

Ya ce, "Oga, wane ne ya sa wannan kuɗi?"

Na ce ni ne, har da ɗan alfahari.

Ya shiga ɗaki ya fito da wani ɗan sikeli na tagulla, wanda ya ce da shi ake auna samfurin kuza a da. Ya ɗora bakin allurar a kai a hankali, ya yi ta sa 'yan duwatsun awo har ya daidaita. Ya ce, "Giram goma sha huɗu. Faifai kamar naka, uku ya ishe shi." Sannan ya zare allurar ya ba ni gilashin masu gyaran agogo ya ce in duba. Bakinta ya cinye, ya yi faɗi da kaifi kamar kurfi. Ya ce tsallen da ta fara yi tun farko gaya mini take ta mutu, a canza ta. Ni kuwa maimakon in canza ta sai na ɗora mata kaya.

Sai da ya wanke hannu sannan ya kwance zanen. Ya riƙe faifan ta gefe ya karkata shi wajen rana. Ko ni da ban san komai ba na gani. Faifan baƙi ne mai sheƙi, amma wajen tsakiya akwai wani siririn zobe da ya yi fari-fari kamar an barbaɗa toka. Ya sa farce kusa da wurin, bai taɓa ba. Ya ce, "Nan wurin kana komawa kullum. Wane ne a ciki?"

Na gaya masa. Na gaya masa har da aikin maƙogwaro da Juma'a bayan la'asar. Ina cikin magana na gane ba tsufa ne ya ci faifan ba, ni ne. Wurin da na fi so shi na fi nomewa, shekara shida, ina ganin alheri nake yi. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba, kuma ba a gaban Baba Gyang nake jin ta ba.

Ya ce, "Matanka ya sani?" Haka suke Hausarsu can, mace da namiji duk ɗaya. A wani lokacin da malantata ta motsa, amma ranar ba ni da bakin gyara wa kowa komai. Na ce ba ta sani ba.

Ya tashi ya ɗauko wani gwangwanin madara ya zazzage a tebur. Kwabbai ne da sisi da sulalla, wasu masu huji, duk da tabon danƙo a jikinsu. Ya ce shekara hamsin yana cire su daga hannun garmahon mutane. Ya tsinci wasu kwabo biyu ya ce, "Wannan nawa ne." Yana saurayi mawaƙan cocin ƙauyensu suka yi faifai, da wansa a ciki, kuma da kwabban nan biyu ya cinye shi kafin ya san aikin. Ya ce, "Kowa ya yi, oga. Ka sha kununka."

Daga nan ya yi mini bayani yadda zan gane. Layin faifai kamar kwarin kunya ne a gona, allura tana tafiya tana jingina da bango biyu. Tawa ta ƙwaƙule bangon a wuri ɗaya, can ƙasa-ƙasa. Mai jan bakin nan da na so saya, allurarsa siririya ce, an yi ta don sababbin faya-fayai, za ta nutse daidai cikin ɓarnar, in ji shuuu fiye da da. Abin da nake buƙata allura ce mai kauri, mai zagayayyen baki, irin ta zamanin da aka yi faifan. Ita ba ta kaiwa ƙasa, a sama take tafiya, inda bango bai taɓu ba. Ya ce, "In akwai sauran murya, a nan yake. Ban yi maka alkawari ba."

Hannun zinaren ma ya ce in manta da shi. Ya auna da rula daga tsinken tsakiya zuwa gindin hannu, ya ce wancan ya yi wa garmahona tsawo, allura za ta zauna a karkace. Ya rubuta awo da irin allurar a bayan wata takardar magani, da sunan wani hannu mara ado mai ɗan ƙarfe a baya wanda ake murzawa a rage nauyi ko a ƙara, da wani ɗan akwati kamar na ashana mai ƙara ƙarfin sauti. Na koma wajen Oga Sande da takardar. Duka ukun ba su kai kuɗin mai jan bakin nan shi kaɗai ba. Na ba shi haƙuri a kan fuskar da na yi masa. Ya ce, "Ba komai Baba, kowa da zinare yake farawa."

Kwana biyu Baba Gyang ya yi yana aikin, ni ina zaune ina miƙa masa sukudireba. Hannunsa na rawa in ya ɗauki kofi, amma in ya kama wasu wayoyi huɗu na kan allura masu sirantar gashi sai ya tsaya cak. Mama Kaneng ta ga ina karkarwa ta ba ni hular ulu ta saƙar hannunta, ita ce wadda Habu ke cewa a Kano na saya. Da ya gama ya murza ƙarfen baya, yana aunawa a sikeli, har ya tsaya a uku. Mama Kaneng ta kawo jan farcenta aka ɗiga alama a wurin, don in an cire ƙarfen saboda hanya in san inda zan mayar.

Na miƙa masa faifan Balki ya gwada. Ya girgiza kai. Ya ɗauko nasa, na cocin nan da ya cinye, ya sa. Da shuuu ɗinsa, amma muryoyi suka fito, har da wata mai kauri a ƙasa wadda ya nuna da haɓa ya ce wansa ne. Ya ce, "Naka ba ni zan fara ji ba. Ka kai gida. Ka sa sau ɗaya, ka ajiye waya kusa ya ɗauka, daga nan ka ji a waya. Faifai kuma sai ranar salla. Kuma kar ka ɗaga hannu a tsakiya." Na tambayi ladan aikinsa. Ya faɗi abin da ko kuɗin mota bai kai ba, sannan ya ce in bar masa dala biyar ɗin, bai taɓa samun na ƙasarmu ba. Na ji ƙararta a cikin gwangwani.

Dawowa ba abin faɗi. Na sake biya wa garmaho kujera, na zaɓi ɓangaren da ba rana. Babban jami'in nan ba ya bakin aiki a iyaka, na so in gaya masa kada ya ƙara yabon kwabo. Tun daga Jos har Matamaye abu ɗaya nake juyawa, ko saura ya rage a saman bangon nan, ko na cinye duka.

Na iso ranar Laraba, na daure har Juma'a. Bayan la'asar na mayar da ƙarfen daidai jan farce, na ajiye waya kusa da lasifika, na sauke allura a farkon faifai. Balki na kan tabarma da tiren shinkafa. Kalangu ya shigo, zabiya ta shigo, 'yan amshi suka karɓa. Da aka doshi wurin na riƙe gwiwoyina da hannu biyu don kada in taɓa komai. Sai ga ta. Da ɗan shuuu a bayanta, amma ga ta nan kusa, siririya, mai gaggawa, ta riga kowa. Ɗaya, biyu, uku. Na bar waƙar ta tafi har ƙarshe.

Sannan na gaya mata gaskiya, sikeli da zoben toka da dala biyar, ban rage komai ba. Na ce ni na kusa kashe mata shi, ta yafe mini. Ta yafito ni da hannu, na kai kunne.

Ta ce, "Na sani. Babanmu ya hana a sa kwabo a nasa garmahon. Sale har bulala ya sha a kai."

Na ce, "To me ya hana ki faɗa mini, shekara shida?"

Ta ce, "Ni na san muryata, Malam. Kai ne kake nemanta. Duk Juma'a ina kallonka kana mayar da hannun nan, ban so ka daina ba."

Ta ture tiren gefe ta ce in sake sawa. Na ce Baba Gyang ya ce sau ɗaya, sauran sai ranar salla. Ta ce Baba Gyang yana can da matarsa.

Na ɗaga hannun a hankali na mayar da shi farkon faifan, na zo na zauna a tabarma kusa da ita.